Safiyar da Kaka Ta Ƙi Faɗa

Shekarar da sojan Nasara suka kafa sansani a gindin dutse kusa da Filingue, na isa kiwon awaki amma ban isa noma ba. Bayan tuwon dare Kaka, uwar mahaifina, takan hura wuta da karan hatsi a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Tatsuniya tana kaɗi take yin ta. Amma akwai labari guda da ba ta taɓa shi sai ta ajiye mazari ta kurkure baki, don na annabawa ne, ba a haɗa shi da ƙarya.

Da lokacin girbin shekarar sojan suka kama maza don ɗaukar kaya zuwa Tawa, har da Baba. Aka tsare su a sansanin kafin a tara sauran. A lokacin ne ta yawaita ba mu labarin.

Ta ce wani sarki mai ƙarfi ya kewaye birnin Bani Isra'ila da runduna, ya aika yana yi wa Ubangijinsu ba'a. Mutane suka ruga wurin annabinsu. Ya ce kada kowa ya taɓa baka, ko kibiya ɗaya ba za ta faɗa cikin birnin ba, gama Allah yana kishin bayinsa. Aka kwana ba wanda ya ji motsi. Da gari ya waye aka leƙa ta kan ganuwa, sai ga rundunar kwance, babu rauni, babu rai.

Na ce, "Kaka, wa ya kashe su?"

Ta ce, "Kai dai maigidana, tambaya kamar alƙali. In ana ganin hannunai, ai da ba Allah ba ne."

Na ɗauki maganar da gaske. Kowace safiya nakan kora awaki kan dutse in leƙa sansanin, ina jiran shiru. Kullum sai ƙahon soja ya tashi, hayaƙi ya biyo. Wata rana na iske wurin babu kowa, amma tafiya suka yi, da Baba.

Da bazara wani maƙwabcinmu da aka tafi da su tare ya komo shi kaɗai. Ya ce Baba ya faɗi da kaya a hanya, a can suka rufe shi.

Bayan kwanakin makoki Kaka ta hura wuta, ta kurkure baki, ta ɗauko labarin. Da ta kai inda aka kwana sai ta yi shiru.

Na ce, "To, safiyar fa? Ko ke ma kin san ƙarya ce?"

Ta dube ni. Ta ce, "Ba ni da bakin faɗinta yau, ɗan nan. Ka zamna mu kwana tare da mutanen birnin."

Ban zauna ba. Ban sake zuwa bakin wutarta ba har ta rasu a daminar da ta biyo.

Yanzu na girme ta. Ban ga hukuncin da nake jira ba, ban kuma isa in ce ba a yi shi ba. Abin da na gane a makare shi ne, ba ta yi mini alkawarin gawar kowa ba. Uwa ce da ɗanta ya mutu, tana ƙoƙarin riƙe Allah da hannu biyu, ta nemi ɗan ɗanta ya zauna kusa da ita. Ni kuwa na tashi.