Agwagin Kawu Pang

Pang Dewang makiyayin agwagi ne a ƙauyenmu, a gefen kogin Min. Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Yana saurayi ya yi shekara uku yana shara a ɗakin ibadar masu bin addinin Dao da ke kan dutse. In an tambaye shi abin da ya koyo a can, sai ya ce, "Na koyi duba inda iska take kaɗawa kafin in ɗauki tsintsiya." Daga nan ba ya ƙara komai. Matarsa kuwa cewa take yi lalaci ya koyo, ya cika buhu ya dawo mata da shi.

A wancan zamani, in an girbe shinkafa, da ƙafa muke kai agwagi kasuwar birni, tafiyar kusan wata guda. Suna tafe suna kalar abin da ya zube a gonaki, kafin a isa sun yi ƙiba. Mu duka a bayan garke muke tafiya, da doguwar gora a hannu, muna ihu. Shi Kawu a gaba yake, tabarma da tukunya a kafaɗa, agwagin na biye. In sun tsaya kiwo, shi ma ya zauna ya kunna lofensa. Kullum shi ne na ƙarshen isa kasuwa, kuma nasa ake fara saye.

Shekarar da na yi aure, surukina ya damƙa mini agwaginsa ɗari huɗu in kai. Bai gama yarda da ni ba. Ya ce in na dawo masa da asara, ɗibar taki ce aikina har in tsufa.

Saura kwana uku mu isa, na koro nawa da sauri na gangara wata fadama, ban san na Kawu na ciki suna wanka ba. Kafin in ankara sun cakuɗe, fari cikin fari, kusan dubu.

Nawa suna da shaida, an tsaga musu fatar ƙafar hagu. Na faɗa ruwa har gwiwa, ina kamawa ina duba ƙafa. Wadda na jefa gefe sai ta dawo. Garken ya firgita, suna tattake juna, gashi na ta tashi. Agwagwa kuwa in ta firgita ƙin ci take yi, ta rame a kwana biyu.

Kawu na zaune a kan kunya yana hura wuta.

"Ango," ya ce, "kokawa kake yi da su ko rawa kake koya musu?"

"Kawu, ka taso ka taya ni mana. Surukina kashe ni zai yi."

"In ya kashe ka wa zai ɗebo masa taki? Fito ka sha shayi."

"Shayi kuma? Yanzu?"

"To sai yaushe? Sun fi ka iya ruwa, sun fi ka yawa. Fito, ka ɓoye gorar nan inda ba za su gan ta ba."

Na fito, ba don na yarda ba, gajiya ce ta fito da ni. Ya ba ni sauran shinkafa da yajin barkono, yana ta tambayata ko amarya ta iya girki. Ni ina amsawa idona na kan ruwa. A hankali hayaniyar ta lafa, suka koma kiwo.

Da rana ta karkata, daidai lokacin da ya saba watsa wa nasa dusa, Kawu ya ƙwanƙwasa tukunya da cokali sau uku. Ya naɗe tabarma ya hau hanya, ko waiwaye bai yi ba. Agwaginsa suka riƙa fitowa daga ruwa layi guda, suna rangaji a bayansa.

Na ƙirga waɗanda suka rage, babu talatin da biyu. Na bi shi ina haki.

"Ga talatin nan cikin nawa," ya ce. "Ihunka ne ya ishe su."

A wurinsa ko motsi ba su yi, ya riƙa ɗaga su yana miƙo mini kamar mai tsinkar kabewa. Sauran biyun ni na tattake su da ƙafata a cikin ruwa, su muka gasa muka ci.

Tare muka ƙarasa birni, mu ne na ƙarshe. Da na koma gida na faɗa wa surukina gaskiyar biyun nan. Da kaka ta zagayo ya ba ni ɗari shida.

Kawu ya rasu yana da tamanin da huɗu, a zaune a ƙofar gida, lofe a hannu. Duk sa'o'insa sun riga shi. Matarsa tana share hawaye ta ce, "Can ma shi ne na ƙarshen isa." Ita ta ba ni tukunyar. Na yi shekara talatin ina ƙwanƙwasa ta, gorar kuwa muka mai da ita abin shanya.