Rabin Takena

Makon jiya ina wanke hannu na ji kan yatsuna na hagu sun yi tauri. Kanta ce, irin wadda wayar jita ke bar wa mai yawan danna ta. Na tsaya ina kallonta ruwa na zuba a banza, don ba jitar ta tuna mini ba. Kakana ta tuna mini, mahaifin innata, wanda ba ya amsa gaisuwata sai ya kama hannuna ya birkice shi ya duba tafin.

Mu a Ƙanƙara muke zaune. Babana ɗan kasuwa ne, yana sayen hatsi a kasuwannin Faskari da Daudawa. Amma duk hutun damina inna kan tafi da ni ƙauyensu, can bayan Damari, inda ɗorawa da kaɗanya ke rufe hanya har babur ya riƙa sunkuyar da mutum. Ƙamshin garin a wannan lokaci ɗanyar ƙasa ne da hayaƙin itace mai jiƙa da gasasshiyar masara. Kakana shi ne makaɗin noman garin.

Idan ba ka tashi a irin wuraren nan ba, bari in gaya maka yadda abin yake. Ranar gayya samari kan taru su yi wa mutum ɗaya huɗa, makaɗi na biye da su da ganga. Kowane manomi yana da takensa, wani ɗan kiɗa nasa shi kaɗai, da 'yan kalmomin yabo a ƙarƙashinsa. Sai ka ga ƙato ya gaji, garma na neman faɗuwa daga hannunsa, da an buga takensa ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Kuma ba a ba yaro take a gida. Sai ranar da ya shiga gayya ya kai kunyarsa ta farko ƙarshen gona, a nan za a kaɗa masa shi a gaban jama'a, ya zama nasa har ya mutu.

Kakana ba a kan ganga yake ƙirƙirar take ba. Yana da wani tsohon gurmi, da shi yake zama gindin ɗorawar ƙofar gida bayan la'asar, yana ta laluben sauti. Wani lokaci sai ya kwashe damina guda yana gyara taken mutum ɗaya. Yakan ce sai ya ga yadda mutum ke tafiya, da yadda yake fushi, da yadda yake cin tuwo. Ni kuwa ina tsugune kusa da shi, bakina a sake, ƙuda na shiga yana fita.

Shekarar da na fara tasawa, wata la'asar ya kaɗa wani abu da ban taɓa ji ba. Ya hau, ya ƙara hawa, ya tsaya can sama, sai ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya ya kashe shi. Na ce na wane ne? Ya ce, "Na wani malalacin ɗan birni ne." Na gane nawa ne. Na roƙe shi ya ƙarasa, har da jan riga. Ya kama hannuna ya duba, ya ce, "Mi zan ƙarasa ma hannu kamar na jinjiri? Tahi ka yo kanta."

Na yo ta kuwa. Kawuna ya sassaƙa mini ƙaramar garma, na bi shi gona har tafina ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya yi tauri. Duk la'asar kakana sai ya kaɗa mini rabin nan ya kashe, yana dariya har da tari. Aka sa ranar gayyar gonar mai unguwa, aka ce ina ciki.

Har yau ban san wanda ya kai wa babana labari ba. Hantsi ya ɗaga, mata sun jera ƙoren fura a inuwa, ni ina tsakiyar kunyata, ina jin ganga na matsowa bayana, sai ga ƙugin babur a bakin gona. Ya sauko da farar rigarsa, ya ratso huɗar da takalmi, ya kama ni a wuyan hannu. Bai gaida surukinsa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na auri ɗiyar maroƙi, na ji da wannan. Ɗana ba za a kaɗa mashi ganga ba." Gangar ta yi shiru. Kakana ya duƙa ya ɗauki garmata ya kakkaɓe mata ƙasa.

Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa yafe wannan safiya ba. Babana ya rasu, ina yi masa addu'a, amma idan na tuna farar rigar nan tana ratsa gona sai abin ya dawo mini sabo. Mutumin da duk arzikinsa daga hatsin da gangar nan ta noma yake, shi ne ke jin kunyarta. Daga ranar aka hana ni zuwa ƙauye. Inna ma, da takan yi 'yar waƙa idan tana daka, ta daina, sai ƙarar turmi kawai kake ji a gidanmu.

Sai da na girma na zama mai kaina na koma neman kakana, a lokacin kuwa babu ƙauyen. 'Yan bindiga sun hana noma, sun kore shanu, mutane sun watse. Na same shi a cikin garin Sabuwa, a wani ɗaki da aka ba shi aro, ya rame, gangar an baro ta a rataye, gurmin kaɗai ya fito da shi. Na durƙusa na ce, "Baba, ka ƙarasa mini abin nan. Ko a waya in ɗauka." Ya kama hannuna, ya shafa tafin, ya saki. Ya ce, "Ba a ba da take a ɗaki. Bari daji ya lahwa mu koma, ka kai kunyarka." Na ce ina dajin yake lafawa? Ya ce Allah na nan. Kafin damina ta zagayo aka yi masa sutura, gonar da yake magana a kai ko leƙa ta ba mai iya yi.

Shi ma ina da fushinsa, ko da yake mutane ba sa son in faɗa. Ya ga garin ya tashi, ya ga babu gayya, babu samari, ya san kwanansa ya ƙare, amma ya zaɓi ya tafi da abin cikin ƙasa don kada a karya al'ada. Tsakanin girman kan uba da taurin kan kaka, ni aka bari da rabin waƙa.

Shi ya sa na sayi jita da girmana. Na sami wani malamin kiɗa, mutumin kirki mai haƙuri, ya koya mini abin daga tushe: sautuka bakwai masu hawa kamar matakala, yadda ake haɗa uku su tashi tare, wanda ke sa zuciya ta kwanta da wanda ke sa ta jira. Ranar da na kaɗa masa rabin takena ya saurara, ya ce sautuka biyar ne kawai a ciki, kuma an tsayar da shi a inda kunne ke jira. Ya ce, "Wannan tambaya ce. Ina amsar?" Na ce ita na zo nema. Ya nuna mini hanyoyin da ake sauke irinsa, kowace daidai take, kowace da daɗinta. Sannan ya gaya mini gaskiya, cewa ilmin zai ba ni duk amsoshin da za su yiwu, amma ba zai gaya mini wadda tsohon ya zaɓa ba.

Yanzu ina rubuta waƙoƙi, wasu har ana yabawa. Na san yadda ake buɗe waƙa da yadda ake rufe ta. Yaran ƙauyenmu da suka tashi a gudun hijira kuwa ba su san ana ba mutum take ba, waƙar da ke cikin waya ita ce ta kowa.

Mutum ɗaya ya rage da ya taɓa jin ƙarshen, ita ce inna. Ta ce ta ji shi yana gyara shi wata rana tana shanya kuɓewa a bayan danga. Duk zuwana Ƙanƙara sai in zauna a kan tabarmarta in kaɗa mata sabon ƙarshen da na haɗa. Takan rufe ido ta saurara, ta girgiza kai ta ce ba haka ba ne. In na ce to ta rera mini, sai ta buɗe baki, sannan ta ce ya ɓace mata, ta daɗe ba ta yi ba.

Zuwana na ƙarshe na nuna mata yatsuna, ina ɗan alfahari. Na ce, "Inna, dubi, na yi kanta." Ta kama hannun ta taɓa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta birkice shi yadda ubanta ke yi, ta shafa tafin, ta ji shi sumul.

Ta ce, "Ba nan yake dubawa ba, ɗan nan."