Sunayen da na shafe a bangon Yaya Rabi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma sai a makon nan na iya zancenta ba tare da kunya ta rufe ni ba. Ku yi mini uzuri in na cika zumuɗi, murna ce ta yi mini yawa.

Duk wanda ya tashi a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san ɗakin ƙasa na gidanmu. Kakanmu, da ya zo hajji ya zauna, shi ya bar shi wakafi don karatun 'ya'yan talakawa. Yaya ta gaji aikin, tana koyar da yaran da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, waɗanda babu makarantar da ke karɓarsu. Dokarta ɗaya ce: ranar da yaro ya iya rubuta sunansa, sai ta miƙa masa ƙusa ya karce shi a bango. Takan ce wanda ba ya cikin takardar kowa, to ya kasance a bangonta.

Ni kuwa sarkin iyayi, wata shekara gab da hajji muka shirya saukar da alhazai a ɗakin, kamar yadda ake yi a Makka. Na ga bango duk karce, na sa aka yaɓe shi da farar ƙasa aka bi da fenti. Yaya ta shigo ta daɗe tana kallo, ko faɗa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Sani, ka kori yarana." Har ta koma ga Allah ban san yadda zan gyara ba.

Watan jiya aka sa wa gidan alamar izala, wato za a rushe shi. Na faɗa wa 'yata Hauwa, da ke karatu a wani birni na Ingila. Sai ta ba ni labarin wata tsohuwar makarantar sadaka kusa da masaukinta, da aka gina wa marayu tun zamanin da. Wai da aka zo gyara ginin aka kankare yaɓe, sai ga sunayen yaran, yanzu har an rufe su da gilashi ana zuwa gani. Ta ce, "Baba, naku ma suna nan a ƙarƙashi."

Ban ko gama shayina ba na tari tasi daga unguwar Shisha inda nake zaune yanzu, da wuƙa a aljihu. Ina isa na fara kankarar bangon. Wallahi suna nan! Habu, Zulai, Ɗanjuma mai rubutu a karkace. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Zahir, ga mutane masu furfura sun cika ɗakin, kowa na laluben nasa yana ɗaukar hoto, ana dariya ana share hawaye. Da Yaya na nan, na san tsokanata za ta yi, ta ce ai dama wanda ya yaɓe shi zai kankare.

Ginin zai tafi, wannan ba makawa. Abin da ta bari yana yawo da ƙafafunsa a garin nan, yana sa hannu a takarda da sunansa.

A kusurwar ƙarshe, can ƙasa daidai inda mai zama kan tabarma zai kai, na tarar da wani suna da manyan baƙaƙe masu rawa: Hajara. Innarmu ke nan, wadda muka binne muna zaton ba ta san ko alif ba. Na zauna a wurin, ina bin baƙaƙen da yatsa.