Saiwar da Ba Ta da Kowa

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikin saiwar gyaɗa ba ya faranta mini rai. Wasu su ce yana tuna musu da yarinta. Ni ma yana tuna mini, shi ya sa ba na son sa.

Kakata tana da wata 'yar gona a bayan gari, kan hanyar da ake bi a gangara bakin kogin Kwara. Wake da gyaɗa take sawa, sai gero jefi-jefi. Daga nan ake samun abin da ke riƙe gidanmu idan shinkafar maza ta nutse a ruwa, kuma kusan kullum sai ta nutse. Idan damina ta yi tsakiya takan tuge tushe ɗaya, ta karkaɗe, ta nuna mini wasu ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa manne da saiwar. Sai ta fasa ɗaya da farce. In cikinsa ya yi ja kamar nama, ta gyaɗa kai.

"Baƙi ne na saiwar," in ji ta. "Ita ta kira su. Ta ba su masauki, su ba ta abinci. Ke uwar gaggawa, tsaya ki duba mana."

Ban cika tsayawa ba. Rana na dukana, ni gida nake so.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Baffana ya ce bai dace tsohuwa tana yawon gona ba. Babu malamin da ya aiko shi. Gonar yake so, ya samu abin fakewa. Da ya tuge wake ya ga ƙullin nan, sai ya ce cuta ce. Wani mai sayar da magani a tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, ya taɓa nuna masa irinta a saiwar tumatir, kuma ta tumatir ɗin cuta ce da gaske. Ya dawo a kan babur da jarkokin maganin feshi masu rubutun Faransanci, wanda duk gidan babu mai iya karantawa, da buhunan takin zamani.

"Wagga ba cuta ba ce, ɗan nan," kakata ta ce daga bakin ɗaki.

"Inna, ki huta. Zamani ya wuce nan."

Shekarar farko ganye ya yi kore shar, har mutane na tsayawa kallo. Ya ƙara zubawa. A haka aka yi ta tafiya, kowace damina sai an ƙara a kan na bara, ƙasa na yin fari tana tauri kamar daɓe. Daga baya ambaliya ta zo ta shimfiɗa rairayi a kan abin da ya saura.

Sai da na shiga sakandare malamin kimiyyarmu, wani ɗan Kudu, ya zana mana abin a allo. Ya ce saiwa na sakin wani sinadari cikin ƙasa, ƙwayoyin halitta su ji su mayar da nasu, tsiron ya gane amsar ta hanyar abin da ya gada, sannan ya buɗe musu ƙofa. Ya ce da irin wannan hanyar yake karɓar wasu siraran zaruruwa, dangin naman kaza, masu jawo masa ruwa. In an cika masa taki, sai ya daina kira. Na rubuta, na ci jarrabawa. Me ya amfana?

Yanzu Baffa ya bar gonar, ya koma fito da man fetur ta iyaka. Ni nake nomanta, don ba wanda ke so. Bana na sa wake ba taki, ba feshi. Ya fito rawaya-rawaya, bai kai gwiwa ba.

Kakata ta makance, amma ta ce in kawo mata tushe ɗaya. Na kai mata. Ta bi saiwar da yatsu daga sama har ƙasa, ta sake bi, santsi kamar zaren ɗinki.

"Ta yi kira," ta ce. "Ba kowa a gidan."

Ta miƙo mini, ta juya fuskarta bango. Na tsaya riƙe da abin, ban san inda zan ajiye shi ba.