Allon Da Ke Kallon Bango

Sau ɗaya a shekara masu zanen da ke haya a tsohuwar masaƙa suke wangale ƙofofinsu, kowa ya shigo ya ga inda ake aikin. Baba Mai Burushi, na ɗakin ƙarshe a saman bene, ya shekara talatin yana buɗe tasa ƙofar, ya kuma shekara talatin yana ƙunƙuni a kan haka. Mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu "uhm" ɗaya. A da ba a lura da wannan, domin matarsa ce ke jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta tarbi baƙi, ta zuba musu bayanin zanen da ita kanta ba ta taɓa tambayarsa ma'anarsa ba. Shi kuwa yana can ciki bayan teburin fenti, yana wanke burushin da ya riga ya wanke.

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwarta. 'Yarsu ce ta gaji kujerar, sai dai rabin hankalinta yana kan waya.

Baba yana da doka: zanen da bai gama ba bango yake kallo, kuma ba mai taɓawa. Akwai wani allo da ya daɗe a haka har ƙura ta kwanta masa. Hoton matarsa ne. Ya yi ɗankwali, ya yi kafaɗu, fuskar ce ta gagara. Duk sanda ya ɗauki burushi sai kamannin su suɓuce masa. Hotunan da ke cikin waya kuma ya ce ba ita ba ce, ita ba ta taɓa tsayawa cak haka ba. Abin da ke cin ransa, wanda ko 'yarsa bai faɗa wa ba, shi ne tsoron kada ya zamana ya fara manta ta.

Da la'asar sai ga wata dattijuwa ta hawo benen tana haki. Tela ce a layin baya, kuma a da duk shekara takan zo, ba don zane ba, don hira da marigayiya. Tun rasuwar ba ta sake takowa ba sai yau. Ta zagaya ɗakin, ta kai hannu kan allon nan.

"Inna, kar ki taɓa wannan, Baba zai yi faɗa!" in ji 'yar.

"Ya yi mana, yau na fara jin faɗansa?" Ta juyo da allon, ta ƙura masa ido. "Allah Ya jiƙan ƙawata. Malam, ina fuskar?"

"Ta ƙi zuwa," in ji Baba, murya ƙasa ƙasa.

"To ta ina za ta zo? Yaushe ka taɓa zaunar da ita ka kalle ta? Ni na san fuskarta, don gabanta nake zama. Kai kullum kana laɓe bayan gwangwanayen fenti, sai dai ka ga ƙeyarta."

Tsiya ta yi masa, amma Baba bai ji zafi ba. Ya ɗaga kai ya dubi bakin ƙofa, sai ga komai ya dawo: ɗaurin ɗankwalin da ke karkacewa hagu, kafaɗar da ke rawa idan tana dariya, takalmi ɗaya da take zarewa ta ɗora ƙafa a kai. Ko ɗaya bai ɓace masa ba. Kewarta ta taso masa, tare da wani sanyi da ya daɗe bai ji ba.

Mutumin da bai taɓa yin aiki a gaban kowa ba ya jawo sabon allo, ya ɗauki gawayi, baƙi na tsaitsaye suna kallo. Ya ja layin ƙofa, ya ja kujera, ya fara zana bayan mace a zaune.

Tela ta leƙo. "Kafaɗar ta fi haka faɗi."

"A'a," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Wannan kam na fi ki sani."