Ranar da Malama Ta Rage Mini Layi Goma Sha Ɗaya

Shekarar da na zauna jarrabawar tsaron kwamfuta, shirin ya faɗo cikin damina. Da safe ina gonar mahaifina a Yako muna noman dawa, bayan azahar in hau babur zuwa Bebeji, inda wata malama ke koyar da mu a ɗakin da ke bayan shagon mijinta. Ta daɗe tana wannan aiki a birni kafin ta dawo gida. Mu huɗu ne, kwamfuta biyu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rubuta umarnin bincike. Kwamfuta tana ajiye bayanin duk wanda ya shiga da wanda ya yi yunƙurin shiga, tambayoyin jarrabawar kuwa so suke ka zaƙulo mai kutse daga cikin wannan tari. Wata rana malama ta ba mu gwaji: a nemo wanda ya yi ta saka kalmar sirri ba daidai ba, daga baya ya dace. Kwana uku ina fama. Ko ina riƙe da fartanya, zancen nake juyawa a raina.

Ran na huɗu na kai mata umarnin da na rubuta, layi goma sha biyu, ina ji da kaina. Ta karanta. Sai ta ja kujera ta fara gogewa, har saura layi guda. Ta gyara kalma biyu, ta ce in danna maɓallin bincike.

Bayanan da suka cika allo, waɗanda ko wata na yi ina karantawa ba zan gama ba, suka ɓace. Mutum ɗaya ya rage, da lokacin da ya fara gwadawa, da lokacin da ƙofa ta buɗe masa. Ɗan'uwana ɗalibi da ke gefena ya yi salati a hankali.

Na tambaye ta yadda aka yi ta gano. Ta ce, "Ɗana, kai kana gaya wa na'ura duk abin da ka sani ne. Tambaye ta abin da ba ka sani ba kawai."

Bayan an yi girbi muka tafi Kano muka rubuta jarrabawar, uku daga cikinmu suka ci, har da ni. Da na je yi mata albishir na tarar tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta sa mini albarka, sannan ta ce daga ranar Alhamis ni zan riƙe sababbin ɗalibai, don ita idanunta sun fara gajiya da allo.