Shatin Yatsa a Kumatun Mutumin Laka

Shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, Baba yana lodin siminti a Malbaza. Yakan dawo bayan la'asar, gashin idonsa fari fat, ya yi wanka ya shige ɗaki. Mun daɗe ba mu ji dariyarsa ba, ni kuwa kunya ba ta barina in ce ya zauna da mu.

Wata rana yayata ta kunna mana fim a wayarta, na wasu mutanen laka masu motsi, uba da uwa da akuyarsu mai ɓarna. Ƙannena suna ta ƙyalƙyala dariya. Na matsa gefen tabarma, na bar wurin zaman mutum ɗaya.

Baba ya zo wucewa da buta, ya tsaya.

"Wa ke motsa su?"

"Malaminmu ya ce da hannu ne, Baba," na ce a hankali. "A gusa kaɗan, a ɗauki hoto, a sake gusawa."

Ya durƙusa ya duba. A kumatun uban akwai shatin babban yatsa, wanda na lura da shi tun farko ban faɗa ba. Shi ma ya gani.

"Buhu ɗaya-ɗaya ke nan, har mota ta cika," ya ce. "Mai wannan aiki ma ya gaji, ɗiyata."

Bai yi dariya ba. Amma ya ajiye butar, ya zauna a wurin da na bari, barci ya ɗauke shi kafin akuyar ta gama cinye hular uban.